Asusun taimakon haya na gaggawa: tsarin takarda, na sa hannu, ko na bakin kotu, wanne za ku ɗauka?

Makon jiya wata Hajiya da ke riƙe da sakatariyar ƙungiyar mutanenmu a wata jiha nan Amurka ta kira ni, ta ce sun tara kuɗi a asusu don taimakon ƴan'uwan da haya ta ci ƙarfinsu, amma wata biyu kenan kwamiti na ta zama ana tashi baram-baram, ko dala ɗaya ba ta fita ba. Ɓangare ɗaya sun ce sai mutum ya kawo takardu cikakku kuma mai gida kaɗai za a ba kuɗin, ɗaya ɓangaren sun ce haba, ai mun san juna, mutum ya faɗi halin da yake ciki ya sa hannu a ba shi. Ta ce tunda na yi aikin sa-kai na cika wa mutane fom a 2021 lokacin shirin gwamnati, in gaya musu wanne ya fi. Na ce Hajiya wannan ba amsar waya ba ce, bari in zauna in rubuta, ko wasu ma za su amfana.

Ga waɗanda ke gida, ku sani nan haya wata-wata ake biya, ba shekara ba kamar yadda muka saba a Kano ko Kaduna, kuma idan ka makara mai gida zai ba ka notis ya kai ka kotu, sunanka kuma ya shiga rajistar da duk mai gidan da za ka nema gaba zai iya dubawa ko da ka biya bashin daga baya. Shi ya sa lokaci yake da tsada a wannan harka.

Darasin da zan kawo daga shirin gwamnatin tarayya ne na lokacin korona, wanda ake kira ERA, wato tallafin haya na gaggawa. Kashi na farko dala biliyan 25 aka ware a dokar da aka sa wa hannu ranar 27 ga Disamba 2020, na biyu dala biliyan 21.55 a Maris 2021, gaba ɗaya sama da biliyan 46. Ma'aikatar Baitulmali ce ta raba wa jihohi da manyan ƙananan hukumomi masu mutane sama da 200,000, ta ba su sharuɗɗa na sama-sama, sauran ƙa'idojin kowa ya rubuta nasa. To nan ne aka ga abin mamaki, kuɗi ɗaya, doka ɗaya, amma wani wuri ana biya cikin makonni wani wuri watanni ba labari. Zuwa ƙarshen Yuni 2021, wata shida da ware kuɗin, kusan biliyan 3 kawai suka kai hannun mutane cikin biliyan 25 ɗin farko, ranar 26 ga Agusta kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar hana korar ƴan haya. Yawancin jinkirin daga ƙa'idojin da aka rubuta ya fito. Shirin ya ƙare yanzu, kashi na biyu ya rufe a ƙarshen Satumba 2025, amma duk mai kafa asusu yau, ƙarami ko babba, tambayoyin da suka fuskanta su zai fuskanta.

Ma'aunin da za ku auna da shi

Na farko tsada, ina nufin nawa ne zai tafi wurin gudanarwa kafin dala ta kai ga mai buƙata. Gwamnati ta ƙayyade kashi 10 cikin ɗari a shirin farko, ta ɗaga zuwa kashi 15 a na biyu saboda ta ga bai isa ba. Ku da ba ku biyan albashi, tsadarku lokacin ƴan sa-kai ne, kuma shi ma yana ƙarewa, mutum ya tashi daga aikin dare ka ce ya zauna duba fayil. Na biyu sauri: kwana nawa daga kawo kuka zuwa fitar cak. Na uku sauƙi, musamman ga wanda ba ya jin Turanci sosai, ko bai iya ɗora takarda a waya ba, ko aikinsa na kuɗi a hannu ne. Na huɗu ɗorewa, wato bayan an biya, mutumin yana nan cikin gidan bayan wata shida ko kuwa an biya bashi an kore shi duk da haka. Na biyar haɗari, wanda ya haɗa da maƙaryaci ya ci kuɗin, da biya sau biyu, da ranar da odita, wato mai binciken kuɗi, ko masu ba da gudummawa za su ce ku nuna mana ina kuɗi suka shiga.

Ni in kun tambaye ni, sauri da sauƙi su ne a gaba, domin sunan abin na gaggawa ne. Amma ba zan raina na biyar ba, asusun jama'a in aka yi zargi sau ɗaya shikenan ba mai ƙara sa kuɗi.

Tsari na ɗaya: kawo takarda, mai gida kaɗai ake biya

Wannan shi ne wanda kowane kwamiti ke fara faɗawa kai saboda yana kwantar da hankali. Ana neman katin shaida, yarjejeniyar haya da sunanka a jiki, takardun albashi na wata biyu ko takardar haraji ta bara, shaidar an sallame ka ko an rage maka awa, lissafin bashin daga mai gida, sannan mai gidan ya cika fom ɗinsa na haraji W-9 ya ba da lambar asusun banki. Ƙa'idar farko da Baitulmali ta fitar a Janairu 2021 kusan haka take, kuma wurare da dama sun gina tsarinsu a kanta har suka kasa sakinta bayan an sassauta.

Ta fuskar haɗari yana da kyau, ba musu, fayil ɗinka cike yake, odita ya zo ya duba ya tafi. Amma tsada ce da shi ƙwarai, kowane fayil sai an bi shi da waya sau uku sau huɗu, hoton bai fito ba, shafi na biyu babu, sunan da ke kati ba daidai yake da na yarjejeniya ba saboda an rubuta Mahamadou a nan Mohammed a can. Kuma abin da ya fi damuna shi ne wa yake kayarwa. Na zauna da wata baiwar Allah mai kitso, ƴaƴa uku, shago ya rufe wata da watanni, kuɗinta duk a hannu take karɓa, ɗakin da take ciki kuma wani ɗan'uwa ne ya kama gidan da sunansa ya ba ta ɗaki ɗaya tana ba shi nata kason duk wata. Ta zo da leda cike da takardu, na asibiti, na makarantar yara, rasit na wuta, ta zazzage su kan tebur tana tambayata Malam wanne suke so, amma cikin duka ba takardar albashi ba yarjejeniyar haya. A tsarin nan ba ta cancanta ba, alhali a duk waɗanda na gani ranar ita ta fi kusa da titi. Wanda ke aikin kamfani yana da imel da firinta kuwa cikin awa ɗaya ya gama. Garin neman gira a rasa ido kenan. Shi kuwa ɗan damfara na gaske, takardar albashi ta bogi ba ta yi masa wuyar haɗawa.

Sai matsalar mai gida. In tsarinku ya ce shi kaɗai ake biya, to kun ba shi ikon hana ɗan hayarsa taimako. Wasu ba sa son cika W-9 saboda kuɗin zai shiga lissafin harajinsu, wasu ɗakin ƙasa suke bayarwa ba da izini ba suna tsoron a gano, wasu kuma dama so suke mutumin ya fita su ƙara kuɗi. Kalifoniya ta gwada wani salo a farkon 2021: mai gida ya karɓi kashi 80 na bashin ya yafe 20, in ya ƙi sai a ba ɗan haya kashi 25 kawai. Kafin rabin shekara suka canza doka suka koma biyan kashi 100, domin tsarin bai tafi yadda aka so ba.

Tsari na biyu: mutum ya rubuta halinsa ya sa hannu

Nan mai nema yake cika takarda ɗaya ko biyu yana cewa ga abin da nake samu a wata, ga yadda na shiga matsala, ga bashin da ake bina, kuma na sa hannu cewa gaskiya na faɗa, in ƙarya ce zan mayar. Abin da yake da takardarsa ya kawo, abin da babu sa hannunsa ya wadatar. Baitulmali ta fara yarda da wannan a Fabrairu 2021, ta ƙara buɗe shi a Mayu, zuwa Agusta ta fito fili tana roƙon jihohi su yi amfani da shi har a kan batun kuɗin shiga.

Amma fa ba sake aka yi ba, kuma nan ne nake so kwamitinku ya lura, domin masu cewa ai mun san juna sukan manta da wannan rabin. An sa masa birki. Wanda sa hannu kawai ya yi kan kuɗin shigarsa, duk bayan wata 3 sai an sake duba shi. Wanda ba shi da abin da zai nuna nawa hayarsa take, za a iya biya masa amma ba fiye da ƙiyasin hayar yankin da ma'aikatar gidaje HUD ke fitarwa ba, kuma na wata 3 kawai kafin ya kawo wata shaida. Wanda ba shi da yarjejeniya, ana karɓar rasit na wuta, ko takardar banki da ke nuna yana tura kuɗi duk wata, ko wasiƙa daga wanda yake ba shi ɗakin. Wato gwargwadon raunin shaida gwargwadon ƙanƙantar abin da za a fitar a karo ɗaya. Wannan dabarar ita ce ta fi burge ni a duk shirin.

Wajen biya kuma, ana fara neman mai gida amma da agogo. Da farko kwana 21 ake jira, aka rage, daga Mayu 2021 ya koma kwana 7 in wasiƙa aka aika, ko kwana 5 in an neme shi sau uku ta waya ko tes ko imel. Bai amsa ba, a ba ɗan haya ya kai da kansa. A kashi na biyu na shirin ma an wajabta a ba ɗan haya in mai gida ya ƙi.

Tsadarsa kaɗan ce, saurinsa ba a magana, kuma mai kitson nan da direban tasi da mai kai saƙo a keke duk suna shiga. Haɗarinsa gaskiya ya fi na farko, an samu masu ƙarya, har da masu yin shigar masu gida suna neman kuɗi kan ƴan hayar da babu su. Maganin shi ne a mayar da bincike bayan biya maimakon a tare kowa a ƙofa: cikin kowane fayil goma a zaro ɗaya ko biyu a bi diddigi, a tabbatar adireshin na gaske ne, a duba rajistar gari a ga wanda ya ce shi ne mai gida ko sunansa ne a kan gidan, a lura da asusun banki ɗaya da ke maimaituwa a fayil daban-daban, in an ba ɗan haya a hannu ya dawo da rasit cikin sati biyu, bai dawo ba ba ƙari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da na fi gani ita ce rashin mai duba littafi bayan kuɗi sun fita.

Tsari na uku: an riga an tantance shi a wani wuri

Wannan ɗan'uwan na biyu ne, yana rage aiki ta hanya biyu. Ta ɗaya, in mutum yana karɓar taimakon abinci na SNAP ko wani shirin gwamnati da aka riga aka duba kuɗin shigarsa, wasiƙar nan ta isa, ba sai kun sake aikin da wata hukuma ta yi ba. Ta biyu ita ce duba unguwa: in adireshinsa yana yankin da alƙaluma suka nuna galibin ƴan haya masu ƙaramin ƙarfi ne, sai a haɗa wannan da sa hannunsa a wuce. Virginia da Kentucky sun yi amfani da lambar unguwa ta gidan waya a haka.

Ga babban shiri na birni ko jiha mai dubban fayil wannan alheri ne, yana da arha, odita ma yana karɓarsa tunda an rubuta dalili. Ga ƙaramar ƙungiya kuwa rabinsa kawai zai yi muku aiki. Wasiƙar SNAP ku karɓa, amma kar ku mai da ita sharaɗi, domin da yawa cikin mutanenmu ba sa cikin waɗannan shirye-shiryen saboda matsayin takardunsu na zama ko saboda tsoro, kuma su ne ba su da wata ƙofar. Jihar New York a nata shirin ta faɗa ƙarara cewa ba a buƙatar takardar zama kafin a nema. Ku ma ina ba ku shawara kar ku tambaya, abin da ba ku rubuta ba ba wanda zai nema a hannunku.

Tsari na huɗu: a bakin kotu

Nan ana haɗa kuɗin da sulhu. Filadelfiya ce ta yi suna a kai, a Afrilu 2021 kotun birnin ta ce mai gida ba zai shigar da ƙarar kora kan bashin haya ba sai ya fara neman tallafin ya shiga shirin sulhu ya jira kwana 45. Ana zama da mai shiga tsakani, a yi lissafi, a biya abin da za a biya, a rubuta yadda za a biya saura. New York kuma ta ɗaura sharaɗi a jikin kuɗin: mai gidan da ya karɓa zai yafe tarar makara, ba zai ƙara haya ba har shekara guda, ba kuma zai kori mutum don yarjejeniya ta ƙare ba a cikin shekarar.

Wajen ɗorewa ba wanda ya kama ƙafarsa, domin shi kaɗai ne yake tambayar me zai faru gobe. Amma ya fi kowanne tsada, yana son lauya ko mai sulhu da ya san dokar haya ta jihar, kuma ikon tilasta wa mai gida na kotu ne ko majalisa, ƙungiya ba ta da shi. Yana kuma da makanta guda: wanda aka kora da baki, ba notis ba kotu, kamar mai zama a ɗakin wani, ba zai taɓa bayyana a nan ba. Abin da za ku iya ara daga ciki shi ne takarda ƴar ƙarama da mai gida zai sa hannu kafin cak ya fita, cewa ya karɓi kaza na wata kaza zuwa kaza, zai janye ƙarar da ya shigar, ba zai sake shigarwa kan waɗannan watannin ba. Kar ku zurfafa sharaɗi, in kuna biyan wata biyu kuka ce kar ya ƙara haya shekara guda zai ce ku riƙe kuɗinku. Ku kuma nemi ofishin lauyoyin kyauta na garinku ku riƙa tura masu takardar kotu can a ranar da suka zo.

| Ma'auni | Kawo takarda | Sa hannu | An riga an tantance | Bakin kotu |
|---|---|---|---|---|
| Tsadar gudanarwa | Mai yawa | Kaɗan | Kaɗan | Mafi yawa |
| Sauri | A hankali | Da sauri | Da sauri | Ya danganta da ranar kotu |
| Sauƙi ga mai nema | Wuya | Sauƙi | Sauƙi ga wanda ke cikin wani shiri | Matsakaici |
| Ɗorewa | Matsakaici | Matsakaici | Matsakaici | Mafi kyau |
| Haɗarin zamba | Kaɗan | Ya fi yawa in ba bincike baya | Kaɗan zuwa matsakaici | Kaɗan |
| Wa yake bari a baya | Mai kuɗi a hannu, marar yarjejeniya | Kusan babu | Wanda ba ya cikin kowane shiri | Wanda aka kora ba ta kotu ba |

Abubuwan da dole ku rubuta ko wanne kuka zaɓa

Wa ke gaba a layi. Wannan ya fi zaɓin tsarin ma muhimmanci ga ƙaramin asusu, domin kuɗinku za su ƙare. Texas da ƙarfinta ta buɗe a Fabrairu 2021, kafin ƙarshen Nuwamba ta rufe karɓar sababbin fom saboda buƙata ta fi kuɗi. Ku ɗauka misali kuna da dala 60,000, haya dala 1,500, in kuna biyan wata biyu-biyu gida 20 kenan, shikenan. In kuka ce wanda ya riga zuwa shi ke samu, masu jin labari da wuri da masu kusanci da kwamiti ne za su kwashe. Gwamnati ta sa iyakar cancanta a kashi 80 na matsakaicin kuɗin shigar yanki, ta ce a fifita waɗanda samunsu bai wuce kashi 50 ba da wanda ya yi kwana 90 ba aiki, kuma daga baya rahotonta ya nuna sama da kashi 80 na tallafin 2021 ya je ga waɗannan masu ƙaramin ƙarfin sosai. Ku naku layin ku tsara shi da kusancin kora: mai ranar kotu a hannu, sai mai notis, sai mai bashi da ba a kai ga notis ba, a kowane mataki kuma gida mai yara ko tsoho ko marar lafiya ya shiga gaba.

Iyakar kuɗi. Shirin gwamnati ya kai har wata 18 in an haɗa kashi biyun, hayar gaba kuma wata uku-uku ake bayarwa bayan an share bashin baya. Ku ba za ku iya haka ba, ku sa wata biyu ko uku, sau ɗaya a shekara, kuma ku tambayi kanku tambaya mai zafi kafin ku biya: in muka ba da wannan, zai tsayar da korar? Wanda ake bi wata tara kuka ba shi na wata ɗaya, kuɗin ya tafi, gidan ma ya tafi. Irin wannan ko dai ku haɗa hannu da wasu ƙungiyoyi a cike gurbin tare, ko kuɗin ya tafi ga kuɗin ajiya na sabon gida mai araha. Ku rubuta a ƙa'ida cewa hakan ya halatta, tare da kuɗin wuta da gas, don kar ranar ta zo a fara gardama.

Sutura. Wannan ba ya cikin littafin gwamnati yadda muke fahimtarsa, amma a wurinmu shi ne ke hana mutum zuwa. Na san magidancin da sai da aka liƙa masa takardar kotu a ƙofa sannan ya buɗe baki, ya ja ni gefe bayan sallar Isha'i a wurin ajiye takalma yana magana ƙasa-ƙasa, abin da ya fara tambaya ba nawa za a ba shi ba ne, cewa ya yi su waye za su gani. Saboda haka mutum biyu kawai su san suna, namiji da mace, sauran kwamiti lambar fayil za su gani. Kar takardar kowa ta shiga zauren WhatsApp. Ɗan kwamitin da abin ya shafi danginsa ko abokin kasuwancinsa, ko shi ne mai gidan, ya fita daga zaman. Cak kuma mutum biyu su sa masa hannu.

Sai agogo da ɗaukaka ƙara. Ku rubuta kwana nawa za ku ba da amsa, ni zan ce 7, mai ranar kotu kuma awa 48. Wanda aka ƙi a gaya masa dalili a rubuce da yarensa, a ba shi dama wani da bai duba fayil ɗin da farko ba ya sake dubawa. Ku ajiye takardu, gwamnati shekara 5 ta ce a ajiye nata, ba laifi ku bi wannan.

In akwai zakka a cikin kuɗin ku ware ta da sadaka tun daga littafi. Masu bashi suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, amma batun ko za a miƙa wa mai gida kai tsaye ko sai an mallaka wa mabuƙaci ya wakilta ku, malamai sun yi bayani a kai, ku zauna da limaminku ya faɗa muku kafin ku rubuta sashen biya.

Wanne ya dace da wa

In ku ƙungiyar gari ce ko kwamitin masallaci, kuɗin na aljihun jama'a ne, kuna ganin fayil biyar zuwa ashirin a wata, ku ɗauki tsari na biyu da birkinsa. Sa hannu, duk shaidar da ta samu, ɗan kwamiti ɗaya ya kira mai gida ya tabbatar da bashin, kwana 5 in bai amsa ba a ba ɗan haya ya kawo rasit. Ku ƙara masa ƴar takardar janye ƙara daga tsari na huɗu. Hajiya, wannan shi ne amsata gare ku, kuma masu son takarda a kwamitinku ku ba su aikin binciken bayan biya, can ne tsantseninsu zai yi amfani ba tare da ya tare kowa a ƙofa ba.

In kuɗin tallafi ne daga gwamnati ko wata gidauniya, ku fara karanta yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, abin da ta wajabta dole ne, amma ku tsaya iya nan, kar ku ƙara sharaɗin da ba a nema ba don tsoro. Ku tambaye su a rubuce ko suna karɓar sa hannu da wasiƙar SNAP, in sun ce e ku haɗa na biyu da na uku, ku ajiye amsar tasu a fayil.

In kuna aiki da birni ko gunduma, fom na shigowa ɗaruruwa a sati, na uku ne ƙashin bayanku, na biyu ga waɗanda suka faɗo ta gefe, sannan ku sa tebur a harabar kotun haya ranar da ake sauraron ƙararraki.

In yawancin masu zuwa wurinku da takardar kotu suke zuwa, kuma kuna da lauya ko mai sulhu da zai tsaya, ku zuba ƙarfinku a na huɗu ko da gidajen da za ku taimaka sun ragu.

Tsari na ɗaya kuwa ku ajiye shi don manyan kuɗi: bashin da ya haura iyakarku ta yau da kullum, wanda ya dawo karo na biyu cikin shekara, mai gidan da ya kawo fayil da yawa lokaci guda, ko fayil ɗin da binciken bayan biya ya nuna akwai abin tambaya a cikinsa.